Shukar Haladu

Ruwan farko na bana ya sauka ran Laraba da la'asar, bayan wani zafi da ya sa ko awaki suka daina kuka. Ruwa ne na kirki, ba yayyafi ba, don sai da ya cika kududdufin bayan gidanmu. Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauko sungumina na fita, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga mini har ƙirji. Na iso bakin gonaki na tarar da su wayam, ba kowa sai balbelu. Na juyo cikin gari, sai ga samarin unguwa jere a gindin darbejiyar masallaci, kowa ya sunkuya a kan waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Na ce, "Lafiya? Ko rasuwa aka yi ban ji ba?"

Musa, ɗana na uku, ya taso ya rage murya don kada ya kunyata ni a gaban abokansa. Ya ce, "Baba, an ce a dakata. Wannan ruwan ba na shuka ba ne. Zai ɗauke ya daɗe, sai can gaba zai zauna."

"Wa ya ce?"

"Anti Rabi ce ta turo saƙo tun shekaranjiya. A rediyo ma an faɗa. Ta sama aka gano, da tauraron ɗan'adam."

Ban yi musu ba. Na koma gida na jingine sungumin a zaure, na zauna ina kallonsa. Ba wai ban yarda ba ne. 'Yan shekarun nan na ga dacewar masu hasashen nan ta fi kuskurensu yawa, kuma ni ba na cikin tsofaffin da ke gardama da abin da idonsu ya gani. Abin da ya ci mini rai shi ne arhar maganar. Layi biyu a waya, yaro ya karanta yana hamma, ya koma ya kwanta. Da an sami mai gaya mana layi biyun nan wajen shekara arba'in da suka wuce, da wana Haladu bai bar garin nan ba.

Rabin da ta turo saƙon 'yarsa ce. Malamar gona ce yanzu a ƙaramar hukuma. A hannuna ta tashi, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba.

A wancan lokacin ban daɗe da aure ba. Mahaifinmu ya rasu, gandu ya koma hannun Yaya Haladu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ni da shi da matanmu da Inna da ƙannenmu mata. Dogon mutum ne mai faɗin tafin hannu, ba ya son hayaniya. Ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi. Amma ya gaji wani aiki daga Baba, aikin da babu wanda ya naɗa shi a kai, babu kuma wanda ya taɓa ba shi ko goro saboda shi. Shi ne mai tona ƙasa.

Ga yadda abin yake. Duk ran da aka kwana da ruwa a farkon damina, da sassafe Yaya zai tafi gonarmu ta jigawa, ya durƙusa, ya tona ƙasa da hannu. Idan danshi ya wuce wuyan hannu, sai ya miƙe ya kakkaɓe, ya ce bismillah, ya kai sara da sungumi. Idan bai kai ba, sai ya mayar da ƙasar ya juyo gida. Mutanen unguwa kuwa suna tsaye a kan hanya, kowa da sunguminsa a kafaɗa. Ya sara, kowa ya watse gonarsa. Ya juyo, kowa ya juyo. Ba wanda ba shi da hannu a cikinsu, kowa yana iya tona tasa gonar, amma an saba, kuma ya fi daɗi wani ya yanke maka. In shekara ta yi kyau ba ka jin sunan Haladu a bakin kowa. Allah ne ya bayar, kuma gaskiya ne, Shi ya bayar.

Akwai wani tela a bakin kasuwa mai rediyo, a wurinsa muke jin duniya. Wata rana aka yi bayanin yadda Turawa ke harba na'urori sama, har aka ce tuni sun taka wata. Dattawa suka ce ƙarya ce. Yaya bai ce ƙarya ba ce, bai ce gaskiya ba ce. Ya ce, "To su da suka wuce ta gaban hadari, me ya hana su leƙa su gaya mana ran da zai sauko?" Aka yi ta dariya, har da ni.

Daminar da ta gabaci shekarar da nake ba ku labari ba ta cika ba, don haka muka shiga rani da rumbun da bai kai rabi ba. Kullum da hantsi Yaya zai hau ya miƙo dami, mata su sussuke, su sheƙe, su surfa. Da farko ana dama fura da rana, a yi tuwo da dare. Kafin bazara ta tsaya furar ta koma farau-farau, ruwa ne kawai da aka nuna wa gero. Abin da ba a taɓawa shi ne iri. Tun a kaka Inna take zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure, ta rataye a ɗakinta saman murhu inda hayaƙi zai kori ƙwari. Geron kakanmu ne, mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya ci. Ko jikanta zai yi kukan yunwa har ya shiɗe, Inna ba za ta ɗaga kai ta kalli wurin ba.

Zafin bazarar shekarar ban sake ganin irinsa ba sai bana. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ruwan randa ɗumi, inuwa ɗumi, kaji sun buɗe baki sun saki fukafukai a gindin rumbu. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, aka ƙulla wa guga igiya a kan igiya, abin da ke fitowa rabinsa laka. Mun gama sharar gona, mun kai taki a mangala, mun zauna jiran sama. Alamu kuwa duk sun zo yadda suka saba. Shamuwa ta iso ta yi sheƙa a kan kukar bakin gari, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo daga kudu. Babu abin da ya ce mana shekarar dabam ce.

Ruwan farko ya zo da wuri. Yaya ya tona, ya mayar da ƙasa, ya juyo gida. Wasu suka yi gunaguni, amma suka biyo shi. Mutanen ƙauyen da ke arewa da mu suka yi shuka, ta fito, rana ta cinye ta. Ran kasuwa har tsayar da Yaya ake yi ana sa masa albarka. Wani dattijo na unguwarmu, Malam Tanko, ya kama hannunsa ya ɗaga a gaban jama'a ya ce, "Wannan hannun ba ya ƙarya." Ku riƙe mini sunan nan, Malam Tanko.

Ruwa na biyu ya zo da iska, ya kwashe jinkar ɗakuna, ya kwana yana zuba. Da safe Yaya ya tona har gwiwar hannu bai tarar da busasshiyar ƙasa ba. Ya ce bismillah.

Ban manta ranar ba. Ni da shi a gaba muna sara, taku ɗaya sara ɗaya, Inna da 'yan matan a baya da ƙoƙuna, suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ko'ina ka duba mutane ne a layi, daga bakin gari har rafi. Wanda ya gama tasa ya shiga ta maƙwabci ba tare da an kira shi ba. Tabawa, matar Yaya, tana da ciki a lokacin, ta aiko mana da kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, muka sha a tsaye muna tsokanar juna. Cikin 'yan kwanaki gonaki suka yi kore shar, har Inna ta fara zancen bikin ƙanwarmu a kaka.

Daga nan sama ta kulle. Abin da ya fi cin rai, ba wai hadari ba ya haɗuwa ba ne. Kullum bayan azahar zai taso daga gabas baƙi ƙirin, a ji tsawa, mata su kwashe shanya, su jera tukwane a bakin indararo. Sai iska ta zo ta ɗauke shi ta yi yamma da shi, ta bar mana yashi a ido. Gero ya fara naɗe ganye da rana yana buɗewa da safe. Daga baya ya daina buɗewa. Iska mai zafi ta riƙa kwaso rairayi tana dukan 'yan tsiron har suka bushe ƙarau, ka murza a hannu su zama gari.

Inna ta rage iri, don ba ta taɓa sauke shi duka a shuka ɗaya ba. Amma gidaje da yawa sun zuba nasu kaf, wasu ma sun riga sun ci rabinsa tun da rani. Da ruwa ya dawo bayan an fid da rai, tun bai gama tsayawa ba aka fara sallama a zaurenmu. A garinmu ba a hana iri. Ba a sayar wa maƙwabci, ba a auna masa. Ya zo da ƙoƙo, ka zuba masa, shi ke nan. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce ba za ta sauke ba.

Ta ce, "Haladu, wannan shi ne na ƙarshe. In ya tafi, geron ubanku ya tafi."

Ya ce, "Inna, in na hana su, ta wace hanya zan riƙa bi zuwa masallaci?"

Ta kauce daga ƙofar. Aka sauke, aka sussuke, aka raba. Malam Tanko ya aiko da ƙoƙon da ya fi na kowa girma.

Da safe na raka Yaya gona. Ya tona, danshi ya tsaya daidai wuyan hannu, bai wuce ba. Ya matsa gaba ya sake tonawa, haka. Ya daɗe a durƙushe. Lokaci ya riga ya ƙure: in ba a shuka yanzu ba, ko ruwa ya zauna gero ba zai nuna ba kafin damina ta janye. In kuma aka shuka ruwan ya sake ɗaukewa, babu sauran iri a unguwar gaba ɗaya. Mutane suna tsaye a hanya suna jira. Sai Malam Tanko ya ɗaga murya, "Haladu, rana tana yi fa! Ko sai ƙasar ta bushe za ka gama shafa ta?"

Yaya ya ce da ni a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Sule, ƙasa abin da ya sauka jiya take gaya mini. Na gobe ba ta sani ba, ni ma ban sani ba."

Ya miƙe, ya ce bismillah. Shukar ta fito, ta kai tsawon yatsa, ta mutu.

Aka fita sallar roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, riguna a juye, liman yana kuka a cikin addu'a. Maƙwabtanmu na tsallaken rafi, waɗanda iyayensu suka bar tsafi suka shiga coci, su ma suka yi ta nasu roƙon, muna jiyo waƙarsu da hantsi. Ba mu samu ba, ba su samu ba. Wata rana Yaya ya shiga rumbu da tsintsiya maimakon ya miƙo dami. Abin da ya sharo, gero da ƙasa da kashin ɓera, Inna ta zauna ta tsince shi ƙwaya-ƙwaya.

Dusar da muke ba awaki ta koma tukunya. Mata suka shiga daji neman ganyen yaɗiya. Garin kwaki ya shigo kasuwa daga kudu, mu da ba mu saba da shi ba. Ka jiƙa ya kumbura, ka sha ciki ya cika, kafin ka kai bakin gari yunwar ta dawo. Awakin kuwa muka riƙa jan su kasuwar Ɗanbatta ɗaya bayan ɗaya, inda kowa ya kawo nasa, mai saye yana latsa ƙashin bayansu yana yatsine fuska kamar alfarma zai yi maka. Inna ta koyi ƙarya da tsufanta. In aka miƙa mata kwano sai ta ce ta riga ta ci a madafa, ta tura wa Tabawa, wadda ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya sa takalmi. Amma abin da na fi tunawa shi ne shirun. Gari ne da tun asuba kake jin luguden taɓare daga kowane gida. Sai ga shi ka wayi gari babu turmi ko ɗaya da ke magana.

A bakin rijiya na fara jin kalmar. Wata mata ta sha wahala ta cika tulu, tana ɗagawa ya suɓuce ya fashe. Ta kusa da ita ta ce, "Kin yi shukar Haladu." Suka yi dariya, irin dariyar masu jin yunwa. Na bi diddigi, ashe daga bakin Malam Tanko ta fito, a ƙofar masallaci. Wai, "Mu dai shukar Haladu ce ta kashe mu." Mutumin da ya ce hannun ba ya ƙarya. Mutumin da ya ce rana tana yi. Geronmu ne ya binne a gonarsa! Kafin wata ya ƙare, duk abin da aka sha wahalarsa ya tashi a banza, shukar Haladu ne. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Ba wanda ya zage shi ido da ido, ba su da wannan ƙarfin halin. Sun dai daina matsa masa wuri a tabarma, in ya yi sallama amsar ta fito ciki-ciki.

Na ɗauki sanda zan tafi gidan Malam Tanko, Yaya ya tare ni a zaure. Ya ce, "Yunwa ce take magana, ba su ba." Haka ya faɗa, amma ya daina zama a dandali, ya koma sahun baya a masallaci, ana sallamewa ya fice.

Wata ranar kasuwa ya ce zai shiga Kano neman aikin ƙarfi. Ci-rani a tsakiyar damina! Ba a taɓa yi ba a gidanmu. Namiji yana barin gari ne bayan ya rufe rumbu.

Inna ta ce, "Haladu, ba kai kake riƙe da sama ba."

Ya ce, "Na sani, Inna. Amma baki ɗaya zai ragu a tukunya. In na samu kuma zan aiko."

Na raka shi bakin titi. Muna tsaye muna jiran mota ya ce, "Ka kula da Tabawa da abin da ke cikinta." Da motar ta tsaya, ya sa ƙafa ɗaya, ya juyo ya ce, "Kuma kada ka yarda su sa ka tona."

Sau ɗaya ya aiko da masara ta hannun wani direba. Bayan nan wani ya ce ya gan shi yana dako a wata kasuwa can kudu. Bayan nan shiru. Na shiga Kano nema har na gaji, tasha-tasha, kasuwa-kasuwa, har asibiti na leƙa. Ruwa kuwa ya zo daga baya, lokacin da ba shi da sauran amfani ga gero, muka sami ɗan wake. Tabawa ta haifi Rabi a kakar da babu dami, aka raɗa suna ba rago. Inna ta ƙara damina biyu ta bi Baba. Tabawa ta yi jira har alƙali ya raba auren, ta yi wani, ta bar mini yarinyar. Geron kakanmu mai gashi kuwa na neme shi a kasuwanni da dama, na sami masu kama da shi, ban sami shi ba.

Da damina ta zagayo aka kwana da ruwa, na leƙa da safe na ga mutane tsaye a hanya suna kallon ƙofarmu, ko kunya babu. Malam Tanko ya aiko wai, "Sule, kai ne magaji." Na ce a gaya masa kowa yana da hannu. Tun daga ranar ba a sake tona wa kowa ƙasa a unguwar nan ba.

To, bana abin da saƙon ya faɗa shi ya faru. Ruwa ya ɗauke, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, 'yan tsirarun da suka yi gaban kansu suka yi asarar iri. Namu yana nan a buhu a ɗakin Musa. Ana cikin wannan tsaikon Rabi ta zo ran Asabar da hantsi, da jakar kwamfutarta a kafaɗa, ta kawo mini sukari da ganyen shayi. Aka dafa mana shayin, muka zauna a zaure.

Ta ce, "Baba, an ce ka fita da sungumi ran nan."

Na ce, "An ce. Garin nan ba a rasa mai cewa."

Ta yi dariya. Ni kuwa neman faɗa nake, sai na tambaye ta abin da ya sa mutane ke kwasar dukiya suna harba ƙarfe sama alhali na ƙasa ba su ƙoshi ba.

Ta ce, "Da farko gasa ce, Baba. Manyan ƙasashe, kowa yana so ya nuna ya fi. Wasu kuma son sani ne ya kai su, kamar yadda kai ma ba ka iya wuce sabuwar rijiya ba ka leƙa ba. Amma da suka hau suka waiwayo, sai suka ga ashe daga can ana ganin duniya gaba ɗaya. Satalayit ɗin nan suna ganin hadari tun yana nesa, suna auna zafin ruwan teku, suna ganin inda ƙasa ta jiƙe da inda ta bushe, inda farin dango ke taruwa, inda ambaliya za ta bi. Ƙwallon da su Musa ke kallo ta nan take zuwa. Direbobi ma da su suke gane hanya."

"To madalla. Yaushe aka fara wannan abin arziƙin?"

Da alfahari ta faɗa, baiwar Allah, ba ta san inda zai sauka ba. "Ai an daɗe, Baba. Tun kafin a haife ni suna can sama."

Na ajiye kofin shayin. Na ce, "Shekarar da aka haife ki suna sama?"

Ta ce, "Suna nan."

"Suna ganin hadarin da ke haɗuwa yana watsewa?"

"Suna ɗaukar hotonsa. Amma Baba, lokacin ilimin bai kai na yanzu ba. Hotunan can ƙasashen waje suke sauka, ba waya, ba hanyar da..."

"Rediyo fa? Akwai rediyo. Daga safe har dare gaishe-gaishe da labarin inda gwamna ya kai ziyara. Ashe akwai masu zaune a inuwa suna kallonmu ta sama muna binne abincin 'ya'yanmu, ba wanda ya ga mun isa a aiko mana da kalma ɗaya."

Ta ce, "Ko da sun faɗa, ba lalle su dace ba."

Na ce, "Shi ma Haladu ba lalle ba ne. Amma shi kaɗai aka sa wa suna."

Ta jawo jakar ta buɗe kwamfutar, ta ce tsofaffin hotunan suna nan a ajiye, yanzu kowa yana iya dubawa. Yadda yatsunta suka tafi kai tsaye, na gane ba ranar ta fara buɗe su ba. Ta fara nuna mini na wata shekara mai albarka, kore ko'ina. Sannan ta buɗe na shekarar da aka haife ta. Ja ne, jan busasshiyar ƙasa. Ga titin Kano siriri kamar zare, ga rafinmu fari fat, ga garinmu ɗan ɗigo. Ta ja hoton baya, ƙasar ta ƙara faɗi, ja. Ta sake ja, har cikin Nijar, gabas da yamma iyakar inda hoton ya kai, ja.

Na ce, "Duk wannan Haladu ne ya shuka?"

Na so a tashi matattu. Na so a kamo mini Malam Tanko a zaunar da shi a zauren nan, in danna masa fuska a kan gilashin. Amma ya daɗe a kabari, shi da matan bakin rijiya, duk sun tafi da mutuncinsu. Kalmar ce kawai ta rage. Jikokinsu in suna ƙwallo ɗaya ya buga ta wuce raga sai ka ji an ce ya yi shukar Haladu. Ba su ma san Haladu mutum ba ne.

Rabi ta mayar da hoton kan garinmu. Ta nuna mini watan da aka rubuta a ƙasansa. Muryarta ta sauya, ta koma ta yarinyar da nake goyo a keke zuwa makaranta.

"Baba, abin da na daɗe ina so in tambaye ka. A wannan watan, yana gida ko ya tafi?"

Na yi lissafi da shukar ƙarshe da sallar roƙon ruwa. Na ce, "Yana gida."

"Da hantsi ake ɗaukar irin wannan hoton. Da hantsi ina yake zama?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba na so a ƙara masa wani sunan. A kwanakin nan, bayan shuka ta mutu, kullum da safe Yaya gona yake tafiya. Ba abin da zai yi a can. Zama kawai yake a gindin gawon da ke tsakiyar jigawa, gawon da ko inuwa ba shi da ita, har rana ta take. Na gaya mata. Na bi titin da yatsa, na tsallake rafin, na tsaya a inda gonar take.

Ta ƙara girman wurin, ta ƙara, ta ƙara, har ƙasar ta rarrabu ta zama 'yan murabba'ai ja da ruwan ƙasa, babu gawo, babu gona, babu komai.

Ta ce, "Ba na ganinsa, Baba."

Na ce, "Nan ne. Yana nan a zaune."

Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Yaya bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Wannan shi ne kaɗai hoton ubanta da muke da shi.